Motar da Za Ta Kai Baba Bakin Teku

Litinin, 19 ga Afrilu, 1999, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. Likitan ido ya bar Baba zaune a benci, ya kira ni baranda. Abin da ya faɗa mini ba zan rubuta shi a nan ba. Idon hagu dai tun bara aka yi sallama da shi, wannan kowa ya sani. Maganar na dama ce. Ya ce in akwai abin da tsohon yake son gani a duniya, a kai shi ya gani yanzu, kada a ce sai bayan damina. Ya ce kuma in sanar da babban ɗansa. Na ce to.

A tasha Baba ya ce, "Zulai, mi ya ce maki?" Na ce ya ce a ci gaba da ɗiga magani. Ba a gaya wa mara lafiya irin wannan. Ko Inna da za ta rasu, har ranar ƙarshe ce mata muke yi ta ji sauƙi.

Abin da yake son gani kuwa duk unguwarmu ta Gobarau a Katsina ta sani: teku, da duwatsun Mambila. Tun ina ƙarama ya sayi wata mota Kombi hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida. Da gado a ciki, da risho, da kabad, da rufin da ake ɗagawa sama. Mutane na ce mata ɗakin Malam Alamin mai taya, sunan Baba ke nan. Bai taɓa kai ta inda ya saye ta dominsa ba. Bayan abin da sojoji suka yi masa a shingen hanyar Kano, a gabanmu, ya rantse ba zai sake fita da ita bayan gari ba sai sun koma bariki. Ba a maganar wannan ranar a gidanmu. Shekara goma sha biyar yana tayar da injin duk Juma'a, ya saurare shi, ya kashe.

Yanzu an ce ranar ashirin da tara ga Mayu za su miƙa mulki. Motar kuma tana hannun Yaya Mudassir, babban ɗan nasa, tun lokacin zaɓe, ya ara ya ɗaura mata lasifika.

Laraba, 21 ga Afrilu, bayan azahar

Na dawo daga makaranta na tarar ya baza taswira a tabarma, ya kifa fuska a kanta da gilashin ƙara girman rubutu, hancinsa na kusan taɓa kogin Binuwai. Ya sa na zauna ya biya mini hanyar kamar mai karanta sura. Kano, Jos, a kwana a gindin duwatsu. A gangara Wukari, a bi ta Bali da Serti a hau Mambila, inda ya ce gajimare ke shiga wa mutum ta taga. Daga nan a sauko ta Takum a ratsa Katsina-Ala, don ya ga ko su ma sun iya gaisuwa. Sai Obudu, sai Kalaba, sai ruwan da ba shi da tsallake. Daga can a bi gaɓa har Badagiri, ana tsayawa duk inda ran mutum ya so, a kunna risho a dafa shayi.

Na ce, "Baba, damina fa za ta riske mu a kan dutse."

Ya ce, "Ta riske mu. Ruwa bai taɓa sa ni tsallen kwaɗo ba."

Sojojin shingen nan yake nufi.

Na ji daɗi yau, ba zan ɓoye ba. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan, iyakata makaranta, kasuwa, asibiti. Ni ma in ga wani abu da ba tukunya ba.

Juma'a, 23 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Yaya ya zo gaisuwar Juma'a. Kullum abu ɗaya ne. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure, ya gai da Baba. Baba ya juya fuska bango, ya ce, "Lahiya." Shi ke nan. Yaya ɗan fari ne, mu kuma gidanmu an riƙe alkunya kamar farilla. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba, bai taɓa tambayarsa ko allura da bakinsa ba. Wancan yake ce masa. In yana da magana, ni ce waya. "Hwaɗa ma wancan kaza." Ko da wancan ɗin yana durƙushe taku uku daga gare shi.

Na raka shi waje da niyyar in gaya masa maganar likita. Mutane huɗu na jiransa cikin wata Fijo, duk sun sha babbar riga kamar su aka zaɓa. Tun da ɗan takararsu ya ci, Yaya ba ya taka ƙasa sosai, yana jiran a kira shi a ba shi kujera. Ya ce, "Zulai, bari in dawo daga Kaduna, sai mu zauna." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ba maganar bakin titi ba ce dama.

Litinin, 26 ga Afrilu, da safe

Maganin ɗigawa ya ƙare, na sayo wani. Ban gaya wa Yaya ba tukuna.

Laraba, 28 ga Afrilu, da yamma

Na shiga Babbar Kasuwa na yanko yadi shuɗi na labulen mota, na tsofaffin sun zama abincin gara. Na sayo nama zan yi dambu, da gero na garin kunu, da man shanu, da bargo biyu don Baba ya ce sanyin Mambila ba ya jin magana. Mai yadin ya ce amarya za a kai? Na ce a'a, bazawara ce za ta kai kanta.

Na zauna a keken Inna na ɗinke labule huɗu kafin magariba. Baba ya shafa su ya ce sun yi kyau, ruwan toka ba ya nuna datti. Ban gyara masa ba.

Lahadi, 2 ga Mayu, da hantsi

Malam Sada abokin Baba ya zo, suna zaure. Na ɗauko musu fura, na kai bakin labule sai na ji sunana, na tsaya. Da ma ban tsaya ba.

Malam Sada ne ya tambaya wa zai tuƙa. Baba ya ce wancan. Ya ce su biyu za su tafi, wurin kwanan mutum biyu ne a motar dama. Malam Sada ya ce to Zulai fa? Baba ya ce, "Zulai ta tsare gida. Ɗiya mace, ina za ta kwana cikin mota a daji? Ga awaki kuma."

Ga awaki kuma.

Sai ya rage murya. Ya ce, "Sada, ba ruwan nike son gani ba kaɗai. Yaron nan shekara arba'in ban san kamannin fuskarshi ba sai ta gefen ido. Nan garin ba ni iyawa. Amma can bakin teku wa ya san mu? Can sai in dube shi da kyau, in kira sunanshi, in tambaye shi ko ya ci abinci."

Na tsaya da ƙwarya a hannu har ta fara yi mini nauyi. Ni na wanke Inna. Ni nake ɗiga masa magani asuba da magariba, ni nake cire masa ƙaya a kifi, ni na san wace riga ce ke sa shi ƙaiƙayi. Fuskata yana ganinta kullum, shi ya sa ba ta da daraja. Wanda ke zuwa minti biyar ranar Juma'a da turarensa, shi za a kai bakin teku a tambaye shi ko ya ci abinci.

Na shiga na ajiye furar. Malam Sada ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin.

Litinin, 3 ga Mayu, bayan magariba

Tuwo ya kama. Ya ci haka nan. Awakin ma na ba su nasu.

Laraba, 5 ga Mayu, bayan azahar

Gilashin ya daina yi masa aiki. Ya ce in kafa masa allurai a kan garuruwan, in ja zare daga wannan zuwa wancan, wai don hanyar ta fi fitowa. Na manna taswirar a kwali na kafa. Yanzu da yatsa yake tafiya. Ya tashi daga Katsina, ya bi zare har Kalaba, ya tsaya can ya daɗe.

Sai ya ce, "Ki tahi gidan wancan. Ki ce a maido motar a duba ta. Ki ce kuma ya nemi hutu, shi zai tuƙa ni, da ni da shi." Bai ma yi tunanin akwai abin da zai ɓata mini rai a ciki ba. Wannan ya fi ƙona ni. Da ya ji kunya ko kaɗan, da wataƙila.

Alhamis, 6 ga Mayu, da la'asar

Na je. Gidan hayar nan nasu na bakin GRA, inda Anti Sa'adiyya matarsa take leƙen katangar manya tana auna labulen gidan da ba a ba su ba tukuna. Yaya na falo. Ya ce, "Ya idon Baba?" Na ce da sauƙi. Ya ce motar na gareji, yaran kamfen sun yi mata kaca-kaca, sun ɓalle gadon don su ƙara wurin zama, ba ya son Baba ya gan ta haka. Ya ce, "Ai ba sauri ko? Sai an rantsar da sabuwar gwamnati zai hita da ita."

Na ce, "Ba sauri."

Ya ce akwai wani saƙo? Na ce Baba na gaishe su.

Ba ƙarya na yi ba. Yana gaishe su ɗin. Rantsuwar rashin fita da motar kuma Baba ne ya yi ta da bakinsa, ba ni ba.

Da na dawo Baba ya ce mi ya ce? Na ce ya ce ya ji, sai dai hidima ta yi masa yawa yanzu. Baba ya ce, "Tau. Shina da gaskiya, babban mutum ne."

Lahadi, 9 ga Mayu, da safe

Zafi. Dambun naman na cikin gwangwani, na ɗiba na ci da shayi. Ya yi daɗi, ni na yi abina.

Talata, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Ya ce zai zuba shayinsa da kansa, ya zuba a tabarma, kofin na gefe a bushe. Ya ji zafin a gwiwarsa sannan ya gane. Na goge.

Can ya ce, "Zulai, zo nan gabana." Na zo. Ya ce in matsa wajen haske. Na matsa. Ya ƙura mini ido ya daɗe, ya ce kamar ta cikin bututun kara yake hango ni, kuma ramin kullum ƙara tsukewa yake. Ya ce, "Likitan nan ba maganin ɗigawa kaɗai ya hwaɗa maki ba." Na ce Allah ne mai warkarwa. Ya ce haka ne.

Bai sake tambaya ba. Baba ba wawa ba ne, bai taɓa zama ba.

Alhamis, 13 ga Mayu, da azahar

Ya karya rantsuwarsa. Mutumin da ya ƙi fita da motar zuwa ɗaurin auren ƙanwarsa a Daura saboda akwai shinge a hanya. Jiya ya aika aka tambayo liman, yau ya sa na dafa shinkafa da wake aka ciyar da mabuƙata goma na unguwa, kaffara. Ni na dafa, ni na raba, ni na wanke kwanukan.

Da suka watse ya ce, "Ba ni jiran sojoji kuma. Su tsaida ni, su yi abin da sunka ga dama. Ki hwaɗa ma wancan Alhamis mai zuwa za mu tashi, da sassafe. Ko motar ba ta gyaru ba ya kawo ta haka. Ki hwaɗa mashi abin da likita ya ce maki, ko mi ne ne, ni ba sai na ji ba. Ki ce ubanshi ne ke roƙo."

Ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Ni dai bai taɓa roƙona ba, aike na kawai yake yi.

Na ce, "Ni fa, Baba?"

Ya ce, "Ke mi?"

Na ce ba komai.

Asabar, 15 ga Mayu, da yamma

Jiya Yaya bai zo gaisuwa ba, yana Abuja. Yau na je na same shi ya dawo. Anti Sa'adiyya ta baje leshi kala uku a kan kujera, wai in zaɓar mata na ranar rantsarwa. Na zaɓar mata wanda ya fi muni, ta ji daɗi. Ta ba ni zoɓo mai sanyi.

Yaya ya rako ni har bakin titi, mu biyu kawai, ba kowa. Ya tsayar mini da mai babur da kansa. Ya ce, "Kin rame, Zulai. Hidimar Baba ce ko? Ki ƙara haƙuri, akwai abin da nike shiryawa." Kullum akwai abin da yake shiryawa. Na kusa faɗa masa maganar. Sai na tuna awaki, na hau babur.

Na ce wa Baba na faɗa masa duka. Ya ce mi ya ce? Na ce ya yi shiru, sannan ya ce zai duba.

Litinin, 17 ga Mayu, da safe

Ya ce zai duba. Baba ya maimaita ta sau da yawa jiya, yana juya ta kamar mai duba tsabar kuɗin jabu.

Alhamis, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Tun asuba ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta Idi. Ya sa na fito da jaka, da barguna, da buta, da gwangwanin dambu wanda ya ragu rabi bai sani ba, da labulen. Ya zauna a kan dakalin ƙofar gida da kwalin taswirar a cinya. Duk motar da ta shigo layi sai ya karkata kai. Ya san kukan injin Kombi kamar kukan ɗansa, don haka ba ya ma tashi, sai ya ce, "Ba ita ba ce."

Na tafi makaranta na bar shi nan. Na koyar da jam'i da tilo. Na dawo na same shi nan, inuwa ta gudu ta bar shi, rigar ta jiƙe ta manne a bayansa. Masu wucewa na ta yi masa Allah ya kiyaye hanya, don ya gaya wa duk unguwa.

Na ce ya shigo ya ci abinci. Ya ce wataƙila layin mai ne ya riƙe shi.

Da aka kira la'asar ya miƙe da kansa. Ya nufi ƙofa ya bugi bango da kafaɗa. Na kama hannunsa. Ya bar ni na riƙe, yau ne karo na farko da bai fizge ba. Hannun ba nauyi. Na ji wani abu a raina, kuma ba tausayi ba ne kaɗai. Daɗi ne. Na rubuta, ga shi nan.

Juma'a, 21 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Ya zo. Na ce yau asiri zai tonu. Ya durƙusa a bakin zaure da sabuwar hula, ya yi gaisuwa. Baba ya juya fuska bango kamar kullum. Ta ina Yaya zai gane ba a ganinsa, mutumin da ba a taɓa kallonsa ba?

Baba ya ce, "Lahiya." Ya yi shiru, yana jira a ba shi haƙurin jiya. Yaya ya yi shiru, yana jira a sallame shi. Ina tsaye tsakaninsu da buta. Kalma ɗaya daga ɗayansu ta isa. Amma uba ba zai tambayi ɗan fari don me ka ƙi ni ba, ɗan fari kuma ba zai ce Baba me ke damunka ba.

Yaya ya dube ni ya ce, "Akwai abin da ake buƙata?" Na dubi Baba. Baba ya ce wa bango, "Hwaɗa ma wancan ba a buƙatar komi." Na faɗa masa daidai yadda aka ce, ban rage ko wasali ba.

Da yamma Malam Sada ya ce bari shi ya je ya sami yaron ya yi masa faɗa. Baba ya ce in ya je, abotarsu ta ƙare. Ya ce ya roƙa sau ɗaya, ya isa.

Litinin, 24 ga Mayu, da azahar

Ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗu, ya ga gari ya yi duhu. Rana tsaka, ko gajimare babu.

Laraba, 26 ga Mayu, da yamma

Ruwan farko ya sauka. Ya ce in kai shi tsakar gida ya ji ƙamshin ƙasa. Yana tsaye yana cewa yanzu Mambila ta yi kore shar, kamar ya taɓa zuwa.

Na sa mayafi na fita. Wallahi na fita da niyya. Na kai har kwanar gidan Yaya, na hango mutane cike a ƙofa ana sauke kujerun haya. Na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Na ce to in na faɗa yanzu, me zai gyaru? Abin da ya tafi ya tafi, likita ma ya ce ba ya dawowa. Sai dai a zauna a yi ta kallona ana salati. Na sayi gyaɗa na dawo.

Ni ban taɓa idon kowa ba. Ciwo ne, daga Allah yake.

Asabar, 29 ga Mayu, da hantsi

An miƙa mulki. Muna jin rediyo, ana ta buga badujala, unguwa yara na ihu. Baba na zaune da kwalin a cinya. Da aka gama ya ce, "Sun tahi ke nan." Na ce sun tafi. Ya ce in cire allurai kada wani ya taka. Na cire su ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin gwangwanin ɗinki, na naɗe zaren, zai yi amfani.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Baba ne ya fara jin ta, tun tana bakin layi. Ya ce, "Ita ce."

Na leƙa. An yi mata sabon fenti, fari da shuɗi, tayoyi sababbi, ba ko takardar kamfen ɗaya. Yaya ne ke tuƙi da kansa, ba babbar riga, ba 'yan rakiya. Sunansa bai fito a cikin waɗanda aka bai wa kujera ba, na ji tun jiya, amma fuskarsa a sake. Ya sauko yana dariya kamar yaro. Ya ja ni gefe ya buɗe ƙofar ya nuna mini. An mayar da gadon, an sa sabon risho. Ya ɗaga rufin sama, sai ga wani gado can a sama da katifa da labule nasa.

Ya ce, "Wannan naki ne, na sa anka ƙara. Ni in kwana a kujerar gaba. Ke kika yi wahalarshi, a tahi a bar ki? Ki hwaɗa mashi jibi za mu tashi in ya shirya."

Ban san me fuskata ta yi ba. Na ce bari in fito da shi.

Na riƙo hannun Baba muka fito. Na ce a ɗaga ƙafa, dakali. Ya ɗaga. Na ce a sauke. Ya sauke. Ina kallon dariyar Yaya tana mutuwa a hankali. Ya dubi hannuna a hannun Baba, ya dubi idanun da ke buɗe suna kallon saman motar, wajen da ba komai. Ya durƙusa a ƙasa cikin taɓo.

Baba ya miƙa hannu ya sami jikin motar, ya shafa ta tun daga fitila har ƙofa. Ya shinshina fentin. Sannan ya juyo, ya fuskanci inda numfashin Yaya yake, sosai, ba ta gefe ba.

Ya ce, "Mudassir."

Maƙwabta da suka taru duk sun ji. Yaya ya ɗago kai kamar an mare shi. Bai taɓa jin sunan daga wannan bakin ba.

Baba ya ce, "Na aika maka. Na karya rantsuwata na sake aika maka, na ce ubanka ke roƙo. An hwaɗa maka abin da likita ya ce. Ka ce za ka duba. Tau ka duba, ga ni. Ɗauki motarka ka kai ma waɗanda ka hi so. Kada ka ƙara zo mani gaisuwa."

Yaya bai dubi Baba ba. Ni ya duba. Ya daɗe yana dubana, na ga lokacin da ya gane, na ga ya buɗe baki. Na tsaya ina jira, har na ji wani sanyi, na ce to a yi ta ta ƙare. Sai idonsa ya sauka kan hannun Baba da ke damƙe da nawa, yadda ya riƙe shi da ƙarfi don kada ya faɗi. Ya rufe bakin.

Ya ce, "Na yi kuskure, Baba. A yahe mani."

Baba ya ce, "Zulai, mai da ni ciki."

Na mai da shi.

Talata, 1 ga Yuni, da safe

Ya bar motar a ƙofar gida, makullin na kan kujera. Da ƙafa ya tafi. Yara na ta leƙen gadon sama.

Laraba, 2 ga Yuni, bayan azahar

Yau ina ba shi fura a baki ya riƙe wuyan hannuna. Ya ce ya yi kuskure a rayuwarsa, ya sa ransa inda bai kamata ba. Ya ce ni kaɗai ce ɗiyar da Allah ya ba shi, ya sa mini albarka har muryarsa ta dushe. Tun ina yarinya nake jiran wannan maganar. Na ce amin.

Sai ya ce in kai shi bayan gida. Na kai shi, na ajiye masa buta inda hannunsa zai same ta, na fito na tsaya a bakin ƙofa ina jira ya kira ni.